Ƙafafun Baba a Cikin Tafki

Jiya a Ƙofar Kabuga na ji ƙanshin soyayyen karfasa, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Muna yara yakan kwashe mu zuwa ɗan tafkin ƙauyensu, mu yi ta iyo cikin bado, shi yana jefa fatsa.

A zuwanmu na ƙarshe ya riga ya makance. Na riƙe hannunsa har bakin ruwa, ya tsoma ƙafafunsa.

Ya ce, "Uwata, giginyar da nake zama gindinta tana nan?"

Kututturenta kawai ya rage. Sai kuka ya ƙwace mini.

Ya matse hannuna. "Daina kuka. Ai sanyin ruwan yana nan."

Ba a daɗe ba ya rasu. Allah Ya shayar da kai ruwan Alkausara, Baba.