Zomanyar Ilu Ta Huta, Habi Ba Ta Huta Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne ƙanwata Habi a Roni. Ni dillalin zomaye ne, a wurin mijinta Ilu nake sari, don haka na san gidan ciki da waje.

Ban taɓa ganin wanda ya san jikin zomanya kamar Ilu ba. Da ta fara tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗa, ya san haihuwa ta zo. In ta haihu sai ya rufe akurkin da buhu, ya ƙara mata dusa, ya hana kowa leƙawa. Wata rana na kai hannu, ya buge shi.

"Yaya, jininta bai kwanta ba. Ciki ya juya ta, haihuwa ta sake juya ta. Ka dame ta yanzu, 'ya'yan za ta cinye."

A makon Habi ma tana jego. Ta daina magana, ta daina barci, sai kuka ba wanda ya taɓa ta. Na ce ya bar ta ta zo gidana Kazaure ta huta. Dariya ya yi.

"Shagwaɓa ce. Wa zai jiƙa wa zomaye dusa?"

Ba ta yaye wannan jaririn ba wani cikin ya shiga. Shi ya tafi da ita.

Yau Ilu ake gayyata Gwiwa da Yankwashi yana koya wa matasa kiwo. Da kunnena na ji shi yana ce musu uwa sai da hutu. Da Habi na nan ba za ta yi masa gori ba. Tambaya za ta yi ko an ba zomaye ruwa, haka ya mayar da ita.

Babbar 'yarta Ummi ta haihu kwanan nan, tana gidana, da irin wancan shirun. A asibiti an ce jiki ne ke sauyawa bayan haihuwa, za ta warware in an kula da ita. Sai ga Ilu, wai mijinta ya kai masa ƙara, ta koma ɗakinta.

Na ce, "Malam Ilu, jininta bai kwanta ba."

Ya gane maganarsa. Sai ya tambaya ko zan ɗauki zomaye ranar kasuwa.

Habi ba ta bar ko hoto ba. Ta bar yarinyar nan da ke barci bayan labule, ni kuma ina bakin ƙofa.