Wasiƙun da Ruwa Ya Wanke

Ni ba kyakkyawa ba ne, ban kuma taɓa zama ba. Gajere ne ni, ga kunnuwa fato-fato, kuma tun ina saurayi na san haka, don madubi ba ya yi wa kowa kara. Samarin unguwarmu a Haɗeja kowa da abin da yake taƙama da shi a wancan zamani. Wannan agogo, wancan sabon keke, wani kuma shadda da ta sha bugu har tana ƙara in ya zauna. Ni abin da Allah Ya ba ni hannu ne. In na ɗora alƙalami a kan takarda, mutane kan leƙo ta kafaɗata su yi shiru. Katin ɗaurin aure, sunayen yara a takardar shaidar gama firamare, duk wurina ake kawowa. Sai in ɗaga kai in ce a dawo gobe, ko da ba abin da nake yi.

Ba da shi aka haife ni ba, koya mini aka yi. Da na gama makarantar horon malamai aka tura ni wani ƙauye a wajen Kirikasamma, inda na tarar da hedimasta, wani dattijo Kirista mutumin Filato, wanda ya fi shekara ashirin a ƙasarmu. Ranar farko ya tsaya a bakin aji ya kalli abin da na rubuta a allo, ya girgiza kai. Da aka tashi ya kira ni ofis ya ce, "Malam, namiji riga biyu gare shi, wadda ya sa a jiki da wadda ya bari a takarda. Ta takardar tana shiga gidan da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba." Wata shida yana sa ni jan layi kamar ɗan aji ɗaya. Da ya gamsu, sai ya ba ni alƙalaminsa irin mai shan tawada, da kwalbar tawada shuɗiya, ya ce biro yana kashe hannu, in nisance shi.

Na riƙe maganar nan fiye da yadda shi kansa ya riƙe ta. Na zama mai raina biro da duk mai riƙe biro. Alƙalamina kullum yana maƙale a aljihun gaba, kansa a waje yana ƙyalli, ko masallaci zan je. In mutum ya miƙo mini biro in sa hannu, sai in dube shi sama da ƙasa kafin in zaro nawa. Allah Ya yafe mana, an yi wauta.

A ƙauyen nan na ga wadda ta zama matata. 'Yar masunci ce, ta gama firamare, kuma ba ni kaɗai nake nema ba. Akwai wani ɗan kasuwar shinkafa mai babur, dogo, fari, in ya zo zance ƙamshin turarensa kan riga shi isa. Ni kuwa in na je, bakina ke mutuwa. Sai in tambayi lafiyar mutan gida sau uku, in yi maganar ruwan bana, in tashi. Ana cikin haka aka mayar da ni Haɗeja, na ce shi ke nan, mai babur ya ci gari.

Gwaggonta tana kawo bandar kifi kasuwar Haɗeja duk mako, sai na yi ƙuru na rubuta wasiƙa na ba ta. Kwana uku na yi a kan shafi ɗaya, na yaga huɗu kafin ta biyar ta yi mini. Haka na riƙa aikawa har damina ta wuce, aka sa rana. Bayan aure na tambaye ta me ta gani a jikina. Ta yi dariya ta ce, "A jikinka kam ban ga komai ba, Malam. Amma da na buɗe takardar nan, na daɗe ina kallonta kafin in karanta. Na ce wanda ya zauna ya bi kowane harafi a hankali haka, ba zai yi wa mace garaje ba." Wallahi ranar na ji kamar an ƙara mini tsawo.

Wasiƙun nan ta naɗe su a tsohon ɗankwali, ta sa a cikin kwalla mai marfi, cikin kwanukan jerenta, ta tura ƙarƙashin gado. Mun haifi 'ya'ya, mun aurar, na yi ritaya, kwallar tana nan. Lokaci-lokaci in ta ga na cika faɗa, sai ta jawo ta, ta zaro ɗaya ta karanta da ƙarfi tana kwaikwayon muryata, har in rasa inda zan sa kaina.

Wanda yake zaune a bakin kogin Haɗeja ya san ruwa ba baƙo ba ne. Kowace damina maza na kan jinga da buhunan ƙasa, ana toshe nan yana ɓullowa can. Shekarar da ya ci ƙarfinmu, bayan azahar ya shigo unguwa, a hankali kamar mai sallama. Muka fitar da buhunan shinkafa, da katifu, da awaki, muka tafi gidan ƙanena da ke kan tudu. Ba wanda ya tuna da ƙarƙashin gado. Da muka dawo bayan kwana goma sha biyu, katangar baya ta zube, ɗaki yana warin taɓo, kwallar kuwa tana nan da marfinta, cike da ruwa.

Ni da kaina na ɓare takardun ɗaya bayan ɗaya na shanya a tabarma. Ba harafi ko ɗaya. Tawadar nan da nake taƙama da ita ta narke, ta rina takardun da ɗankwalin shuɗi, kamar an tsoma su a marina. Abu ɗaya ne ya tsira, wata 'yar guntuwar takarda da na taɓa bar mata a kan tabarma da biron aro, ina sauri, rubutu kamar tafiyar kaza: "Na tafi fadama, kada a jira ni da abinci." Ashe har ita ta ajiye. Tana nan raɗau, ko ɗigo bai goge ba. Na zauna a tsakar gida da ita a hannu, na ji gajiyar da ban ji ba ko lokacin ɗaukar buhuna.

Matata ba ta yi kuka ba. Ta tattara takardun ta mayar cikin kwalla, ta ce, "Malam, ta farkon kawai nake so. Na haddace ta, ni zan faɗa kai ka rubuta. Ka yi mini tun ina iya gani."

Ba wasa take yi ba. Hawan jinin ido ya riga ya tafi da na hagu, likita kuma ya gaya mana a gabana cewa na daman ma yana bin sahu, magani jinkirtawa kawai yake yi. Na sani sarai. Na ce mata to, ai wannan aikin rabin awa ne.

Abin da ban gaya mata ba shi ne hannuna ya fara rawa, kusan shekara biyu ke nan. Na ɓoye wa kowa. In ina cikin mutane sai in tura shi aljihu. Masu kawo katin biki na ce musu su tafi wurin masu kwamfuta, ni na gaji. Shayina ma a zaure nake sha, ni kaɗai. Mutumin da bai da tsawo, bai da fuska, bai da baki, in aka ce hannun ma ya tafi, me ya rage masa? Tambayar da ta hana ni sakat ke nan.

Sai na shiga kawo dalilai. Na ce tawadar kirki babu ita a Haɗeja, sai an sayo daga Kano. Aka sayo. Na ce takardun kanti na yanzu shan tawada suke yi. Aka samo masu kauri. Na ce a bari mu gama tayar da katanga, sannan na ce a bari a shuka alkama. Kullum da hantsi kuwa ina zaure na tura ƙofa, ina gwadawa. In na ja harafin farko da kyau, na biyu sai ya karkace, bakin alƙalamin ya caki takarda ya fesa tawada. In yaga, in cusa a aljihu, in kai murhu da kaina. Ina ta gaya wa kaina gobe hannun zai kwanta. Haushin kaina nake ji, amma a kanta nake saukewa. Ta tuna mini sau ɗaya, na ce na ji. Ta sake, na ce ai ba gudu zan yi ba. A na uku na daka mata tsawa, na ce ta ishe ni da maganar takarda kamar wata yarinya. Daga ranar ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni kuma, don rashin kunya, har daɗi na ji.

Wata biyar aka yi a haka. Wata safiya ina shigowa daga zaure na same ta tana zuba ruwan zafi a kofi. Butar tana hannunta, kofin yana gabanta, ruwan kuwa a ƙasa yake zuba, gefe da kofin, ita kuma ba ta sani ba sai da ya taɓa mata ƙafa. Na karɓi butar na ajiye, na ce, "Hajiya, zauna. Yau za a rubuta wasiƙar nan."

Ban ko ɗauko alƙalamin tawada ba, na san ba zai bi ni ba. Biron da ake rubuta lokacin shan maganinta na ɗauka. Ta zauna a bakin ƙofa tana faɗa, ni ina rubutawa a kan faranti da na kife a cinya. Ba ta manta ko kalma ɗaya ba, har wurin da na tambayi lafiyar mutan gida sau biyu. Na riƙe wuyan hannuna da ɗaya hannun, ina danna biron da ƙarfi don kada ya kufce. Layukan suka riƙa hawa suna sauka. Da na gama, ni kaina sai da na ƙura ido kafin in gane wasu kalmomin.

Na miƙa mata. Ta kai takardar dab da fuskarta, ta karkata ta wajen hasken ƙofa, ta matsar da ita nesa, ta dawo da ita kusa. Na ga idon yana yawo a kan shafin bai tsaya ko'ina ba. Can sai ta juya bayan takardar, ta bi ta da babban yatsa, inda dannawar biro ta yi tudu-tudu.

"Ya yi kyau kamar na da?" ta tambaye ni.

Ƙarya tana bakina, kuma ba mai kama ni. Amma na gaji. Na ce, "Babu kyau, Hajiya. Hannuna rawa yake yi. Ya daɗe yana yi."

"Na sani," in ji ta. "Shekara biyu ina jin cokali yana kaɗawa a kofinka daga zaure. Ai ba kyan nake nema ba, Malam, wancan na riga na gani tun ina yarinya. So na yi in ga yadda hannunka ya koma."

Ta ninke takardar gida huɗu yadda nake ninkewa a da, ta lalubo kwallar, ta sa ta a kan shuɗɗan takardun nan, ta rufe.

"Da ka kawo ta kafin a shuka alkama," ta ce, "da na gani."