Zanar Baba Nomau

Ina yankan gamba a fadamar Guci wani falke da ya biyo ta Kwaya ya tsaya, ya ce mini Baba Nomau ya rasu shekaranjiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye lauje, na daɗe a zaune.

Shi ya koya mini saƙar zana. In zai saƙa wadda za a kewaye gida da ita, yakan matse ta daga ƙasa har kafaɗar mutum, daga nan ya sassauta, ya bar 'yan kafofi. Ni da bakina ba ya shiru, na ce masa ko hannu ne ya fara gajiya.

Ya ce, "Ɗana, rufewa daban, sakayawa daban. Kabari ake rufewa. Gida sakaya shi ake yi."

Na daɗe ina juya kalmar nan a raina. Mace takan sakaya fuskarta da mayafi, dattijo yakan sakaya magana a gaban yara. Ashe abin da aka sakaya an san yana nan, ba a dai ƙare masa kallo. To ina amfanin hakan ga zana? Da na tambaya sai ya ce, "Mai wucewa ya ga gilmawa, kada ya ga fuska."

Shekarar da zan bi ayari zuwa Kano, na saƙa wa mahaifiyata zana matsattsiya, ko allura ba ta ratsawa, don ita kaɗai ce a gida. Baba Nomau ya zo ya duba, ya warware samanta, ya sake saƙawa. Na ji haushi ƙwarai, na tafi ban yi masa sallama ba.

Da na dawo aka ba ni labari. Wata rana Baba Nomau ya wuce gidanmu da hantsi bai ga motsi ta kafofin ba, ya dawo da azahar, shiru. Ya tura matarsa, Inna Kande, ta shiga. Ta tarar da tsohuwata kwance gindin randa, zazzaɓi ya kayar da ita, ko kira ba ta iyawa. Mahaifiyata tana raye har yau. Shi kuwa bai taɓa tayar mini da zancen ba, kunya kuma ta hana ni gode masa yadda ya kamata.

Yanzu an rufe shi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba 'ya'yansa haƙuri. Inna Kande tana takaba ita kaɗai a bayan zanar da ya saƙa. Allah ya sa masu wucewa su riƙa ɗaga ido.