Ɗan aiken da na hana tashi sai da izini

Abubuwa da yawa sun soma ɓace mini saboda shekaru, amma makon da ɗiyata ta haɗa mini ɗan aike a cikin waya, wannan ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Sai dai a gidana nan Aliero ba abin da ke shigowa ban san asalinsa ba, ko buhun albasa ne sai na kwance baki na duba. Yayana kuwa malami ne, a Kimba ya zauna yana karantarwa har ya rasu. Wani babban ɗalibinsa da ke Maiyama shi ya riƙa naɗar karatun, daga baya ya zuba a wani shafi na intanet. Duk sanda kewa ta taso mini, ɗiyar tawa, autata da ke karatun kwamfuta a jami'ar garinmu, ke kunna mini.

Wata Litinin da hantsi muna ware albasa, masu ruɓa gefe, masu kyau gefe, sai ta ce ɗalibin ya sanar zai rufe shafin ranar Juma'a. Wai mutane na sauke karatun suna yankewa, har ana jingina wa mamaci maganar da bai yi ba. Albasar da ke hannuna ta faɗi.

"Kwantar da hankalinki, Inna," in ji ta. "Bot zan haɗa miki."

"Mi aka kira bot kuma?"

Ta ce ɗan aike ne da ke zama a manhajar da muke tura saƙon murya. Ka miƙa masa adireshin abu, ya je ya sauko maka da shi cikin wayarka. Na ja kujera na zauna kusa, don ban yarda da ɗan aiken da ban ga fuskarsa ba. Ta yi masa rajista, ta raɗa masa suna, aka ba ta wani dogon mabuɗi na haruffa da lambobi, ta sa a kwamfutarta. Da ta ce duk mai wannan mabuɗin shi ke juya ɗan aiken, na sa ta rubuta a takarda, na cusa a lalitata tare da mabuɗin ɗakin albasa. Ta gwada shi da wani ɗan bidiyonta, kafin in gyara ɗaurin kallabi ya dawo da shi.

Ta ɗauko adireshin karatun Yaya za ta tura, na riƙe mata hannu.

"Wa kika tambaya?"

"Haba Inna, a fili yake, kowa na ɗauka."

"Gonar maƙwabcinmu ma a fili take, ba ta da shinge. Kin taɓa ganin na tuge albasa guda?"

"Karatun ɗan'uwanki ne fa!"

"Murya tashi ta, wahalar naɗa ta wani ta."

Yaya da kansa bai taɓa barin ɗalibi ya karantar da littafi ba sai ya ba shi izini baki da baki. Ta yaya zan kwashi karatunsa ta bayan gida? Ta ce to mu buga waya. Na ce irin wannan roƙo da ƙafa ake yin sa.

Talata masu sayen albasa suka zo da mota, ban samu fita ba. Ɗiyata ta wuni tana kumbure-kumbure. Ni ma, in faɗi gaskiya, na san in ɗalibin ya ƙi, da hannuna na rufe muryar Yaya.

Laraba muka shiga mota zuwa Jega, daga nan Maiyama, ni da kwandon albasa na gaisuwa, ita da kwamfutarta. Na tarar gemun ɗalibin ya yi fari. Ya miƙe da sauri.

"Gwaggo! Ke da kanki?"

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Shekara da shekaru ana kwasa, ba wanda ya taɓa yi min sallama." Ya yarda, amma da sharaɗi: a sauke kowane karatu cikakke, da sunan littafin a jikinsa, kuma kada a bar ƙofa buɗe ga kowa.

Nan kan tabarmar ɗiyata ta saita komai. Ta sa murya kaɗai zai riƙa saukewa, don data ta yi auki. Ta hana shi yankewa. Ta shigar da waɗanda zai saurara: ni, ita, da matan da muke karatu tare. Ɗalibin ya gwada da wayarsa, ɗan aiken ya ce bai san shi ba. Ya tuntsire da dariya.

"Wanga ɗan aike halin Gwaggo ya ɗauko!"

Sai da na ce a sa shi cikin waɗanda zai saurara aka sa shi.

Za mu tashi ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙaramin memori. Ya ce akwai karatun da bai taɓa zubawa ba, saboda wata mata ta katse shi a tsakiya. Ya kunna. Ana cikin karatu sai ga muryata, ina faɗa wai fura ta daɗe tana jira, mutum ba lafiya ya zauna tun safe yana magana. Sai Yaya ya yi dariya, ya ce wa ɗalibai, "Ku tashi, ƙanwata ta. Ko ni tsoronta nika ji."

Ɗiyata ta kalle ni, na ce ta kalli gabanta. Amma gefen mayafina ya jiƙe.

Kafin la'asar ɗin Alhamis ɗan aiken ya gama sauke komai. Yanzu kullum muna ware albasa Yaya na karantar da mu, takardar mabuɗin kuma tana nan a lalitata.

Abin da na koya shi ne, na'ura za ta kawo maka duk abin da aka baje a fili, amma wanda aka adana a cikin ɗaki, sai ka taka ka yi sallama za a fito maka da shi.