Littafi na Uku Yana Kano

Gajere na garin Dogo-Dogo dogo ne kamar giginya, sunan kuwa kakarsa ta laƙaba masa don tsokana, ya bi shi har kabari. Da yaƙin Turawa ya ɓarke sai ya sulale ya ƙetare iyaka ya shiga sojan Ingilishi. Ya dawo da ɗingishi, da bargo, da littattafan koyon Ingilishi guda biyu, na ɗaya da na biyu, waɗanda aka raba musu a bariki.

Ɗa guda gare shi, Inuwa, kuma ɗan fari ne. To, kowa ya san kunyar ɗan fari a ƙasar nan: uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi, ba ya nuna ya damu da shi. Gajere kuwa son yaron nan kamar ya kashe shi, ga shi ba halin faɗa.

Shekarar da kumandan na Magariya, Baturen mulkin Faransa, ya aiko a kwashi yara zuwa lakwal, makarantar bokon Faransawa, Gajere ya tura Inuwa cikin rumbu ya rufe har manzannin suka wuce. Ya ce wa matarsa Ɗela, "Faransanci na me? Ni zan koya masa harshen da ake cin abinci da shi a Kano."

Maganar Kano fakewa ce kawai. Littafin ne ya ba shi dalilin shimfiɗa tabarma ɗaya da ɗansa a gindin gawo, gwiwa da gwiwa, ba mai cewa ya yi rashin kunya. Nan yake kama hannun Inuwa yana bi da shi kan layi, ga hoton kare, ga hoton tebur. Idan ya yi kuskure Gajere har daɗi yake ji, don karatun zai ƙara tsawo.

Sai dai Inuwa akwai kai. Damina biyu ya cinye na ɗaya, na biyu ma bai daɗe ba, har ya fara gyara wa ubansa. Ranar da suka kai shafin ƙarshe ya ce, "Baba, an rubuta akwai na uku."

Na uku yana Kano, mai koyar da shi ma yana Kano. Gajere ya kwana biyu bai ci tuwon kirki ba, amma bakin da ya cika gari da yabon Ingilishi ba zai iya hanawa ba. Aka haɗa Inuwa da fataken gyaɗa. Ɗela ta tsaya bayan danga, kunya ta hana ta fitowa. Gajere ya raka su har bakin gona, "ka dawo" na cikin bakinsa, ga mutane tsaye. Abin da ya fito shi ne, "A kula da karatu."

Inuwa ya kula. Ya zama akawu a wani kanti, ya yi aure can, yakan aiko da turmin yadi. Ɗan maƙwabcinsu da aka kai lakwal yana kuka, shi kuwa yana aiki nan Magariya, duk Juma'a yana gida.

Da Gajere ya tsufa, mutane kan kawo masa yara ya koya musu. Yakan karɓa, amma iyakarsa littafi na ɗaya. Wata rana wani ya tambayi dalili. Ya daɗe yana kallon gawon, sannan ya ce, "Na biyu ya nuna wa Inuwa hanya."

Ɗela na jin su daga ɗaki. Ranar ta fara jin sunan a bakinsa.