Madarar Gwangwani da Jan Fenti

A shekarun da ake ta kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja, ni da yayana muna aikin fenti a wani bene da aka ce manya sun matsu su tare a ciki. Ni ma na iya aikin, amma ban kama ƙafarsa ba. Hannunsa na dama yakan ja layi daga sama har ƙasa ba igiya ba awo, kuma da hannun nan ake ci a gidanmu na Uke.

Ƙarafunan matakala aka ba mu. Mu shafa jan fentin da ke hana tsatsa, ya bushe, mu kankare kaushinsa, mu sake shafawa. Wurin ba taga ko ɗaya. Kakinmu ja, majinarmu ja, har burodin da muke gutsura da rana da shatin yatsu ja a jikinsa.

Kowace yamma kamfani yakan ba mutum gwangwanin madara ɗaya, wai tana wanke duk abin da ya shaƙa. Masu fenti da masu walda duk sun yarda da haka, ni ma na yarda. Da Yaya ya fara murɗawar ciki, ya yi kwanaki ba ya zagawa, sai na riƙa ba shi tawa ya haɗa biyu. Da burushi ya fara suɓuce masa, na ce ya ƙara sha.

Rannan aka ce masu duba lafiyar ma'aikata za su zo. Kamfanin ya san ranar tun mako guda, wannan kuwa wane irin dubawa ne? Da sassafe aka loda gwangwanayen jan fenti a motar da za ta Dei-Dei ɗauko siminti, aka kulle matakala, aka raba mana sababbin hulunan kwano, aka jera mu a katangar waje muna shafa farin fenti. Oganmu ya kalli yadda hannun Yaya ke karkarwa.

"Sa shi a aljihu," in ji shi. "In ka cire, gobe no work."

Jami'in ya zo cikin kaftani fes. Ya ƙwanƙwasa hulata da biro, ya duba takalmana, ya leƙa tsani. Bai tambayi abin da ke bayan ƙofar da aka kulle ba, bai ce kowa ya buɗe baki ya ga dasashi ba, ga na Yaya ya yi wani baƙin layi kamar zare. Ya tsaya gabana ya ce, "Ana ba ku madara?"

Yaya na gefena, hannu a aljihu. Kalma ɗaya ta isa. Na ce, "Ana ba mu, ranka ya daɗe."

Ya yi alama a takardarsa, ya wuce ofis inda aka ajiye masa lemo. Kafin azahar an karɓe hulunan.

Wata biyu bayan haka wuyan hannun Yaya ya saki, ya langaɓe kamar tsumma. Likita ya ce gubar dalma ce, tana cikin jan fentin, ta shiga jini ta taɓa jijiya. Na yi masa zancen madara. Ya dube ni kawai, ya ce madara abinci ce, ba magani ba.

Har yau raina na ɓaci da ogan, da kamfanin, da mutumin nan mai biro wanda aikinsa ne ya san abin da mu ba mu sani ba. Nakan haɗa da kaina.

Yaya yana Uke, yana tsaron teburin goro da hannun hagu. Na faɗa masa maganar likita ya fi a ƙirga, bai ɗauka ba. Da na je wancan watan ya miƙo mini gwangwani in huda masa, don shi ba ya iyawa.

"Ƙanena," ya ce, "da tun farko uku nake sha, da hannun nan bai mutu ba."

Na huda masa.