Inda Za Mu Kai Taskirar Yaya Nasiru

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Nasiru, wanda mutanen unguwarmu, Gwallaga, suka fi sani da Injiniya, ko da yake ko katanga bai taɓa ginawa ba. Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin a watan jiya na amince da wata shawara game da aikinsa wadda har yanzu ba ta kwanta mini ba.

Ga wanda bai san aikin ba, Taskira manhaja ce ta gina wasu manhajoji. Mai kemis, ko shugaban makaranta, ko ma'aikacin asibiti zai zauna ya tsara abin da yake son adanawa, sunayen ɗalibai ne ko magungunan da suka rage a kanta, sai Taskira ta haɗa masa 'yar manhajarsa da rumbun bayananta. Sau ɗaya za a gina, ta yi aiki a waya da kwamfutar tebur da ta cinya, ko wane kamfani ne ya ƙera su.

A wani ƙaramin shago suka fara ta, tsakanin mai walda da tela, shi da amininsa Yohanna, mutumin Bogoro. Ni daga baya na shigo, da na gama karatu, kuma a hannun Yaya na koyi duk abin da na iya. Yana da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da ya ɗaure da roba. Duk abin da muka ƙara wa Taskira, sai ya ɗora shi a kanta, ya kashe data, ya miƙo mini. "Hajara, in bai tashi a wannan ba, ba mu gama ba." A lokacin haushi abin yake ba ni. Ana iya gama aiki a yini, mu kwashe mako muna lallashin wayar nan.

Yau ofishinmu yana GRA, da matasa masu ƙwazo da ba su taɓa ganinsa ba sai a hoto. Mun kuma tsara sabuwar Taskira. A cikinta mutum zai yi magana da Hausa kawai, ya faɗi abin da yake so, ta gina masa. Mai shago a Wunti da reshe a Azare zai ga kayansa duka a wuri ɗaya, nan take. Ina alfahari da tsarin, ba zan ɓoye ba. Sai dai ba za ta yi aiki ba sai da intanet, kuma tsofaffin wayoyi ba za su ɗauke ta ba. Ɓangaren da ke sa tsohuwar ta yi aiki ba sabis, wanda Yaya ya rubuta da hannunsa, shi za a cire.

Yohanna ne ya kawo maganar, ya kuma faɗe ta ba kwana-kwana. "Hajara, kin san ni da Nasiru muka rubuta shi, ba na jin daɗin wannan fiye da ke. Amma duk abin da muka ɗora masa sai wani gefe ya tsage. Yaran nan ba mai iya taɓa shi. In ni da ke muka faɗi yau, shi ke nan." Gaskiya ya faɗa, na kuma ce na yarda.

Da kaina na je Zungur in sanar da Mama Rifkatu, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti da ke can. Yaya ne ya hau babur ya je ya haɗa mata manhajar awon ciki, inda take adana bayanan kowace mace: hawan jininta, haihuwarta ta baya, da ko an taɓa yi mata tiyata. Sabis a wajensu sai ya ga dama, hadari na haɗowa yake ɗaukewa. Na yi mata bayani tana saurare, hannunta a kan wayar.

"To in sabis ya ɗauke, ga mai naƙuda a gabana fa?"

Na ce, "Muna duba wannan, Mama."

Ba ta ja maganar ba. Ta ce, "Ai ke jinin Injiniya ce. Abin da kuka ga ya dace, shi ne daidai." Ta ƙulla mini gyaɗa a leda, ta rako ni har bakin mota. Da faɗa ta yi mini, da na fi samun sauƙi. Amanar da ta ba ni ba tawa ba ce, tasa ce na gada, ga shi da ita na rufe mata baki.

Tun daga ranar nake tambayar kaina me zai ce da yana nan. Ba mutum ne mai riƙe tsohon abu don tsufansa ba. Na ga ranar da ya goge aikin damina guda yana dariya, don ya gano hanyar da ta fi. Maganar a gina manhaja da baki kuwa burinsa ce tun can, saboda 'yan kasuwar unguwarmu da rubutun boko ke ba wuya. Wataƙila da shi zai riga kowa amincewa. Abin da na kasa hangowa shi ne Yaya ya baro Zungur da irin amsar da na bayar. Da ya zauna a bencin asibitin nan har sai ya samo wata amsar.

Na koma na sami Yohanna, muka yi musu irin wanda ba mu taɓa yi ba. Inda muka tsaya shi ne sabon tsarin yana nan, amma tsohuwar Taskira ba za a rufe ta ba. Ni zan ci gaba da gyaranta muddin ina iyawa. Idan sabuwar ta tsaya da ƙafarta, za mu gwada koya mata aiki ba sabis. Na daɗe a wannan sana'a, na san inda "za mu gwada" yakan ƙare, shi ya sa ban ɗauki wannan a matsayin wanke kai ba.

Na fara gane cewa abin da ya rubuta ba zai dawwama ba, ko da mu ko ba mu. Wayoyi suna canzawa, abin da aka gina a kansu yana binsu. Abin da ya rage nasa shi ne mutanen da ya koyar, da matan da aka san tarihin cikinsu kafin su iso ɗakin haihuwa, da wannan rashin sukunin da ya bar mana duk lokacin da muka shirya yin gaba mu bar wani a baya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida Inna, mahaifiyarmu. Ba ta san mene ne manhaja ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Ina shirin tashi ta ce, "Hajara, aikin yayanki yana nan dai ko?"

Na ce, "Yana nan, Inna."

Ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Na daɗe a zaure kafin in iya fita.